Darasi: Yadda ake tsara rumfar aiki a bayan gida

Darasinmu na wannan karo bisa rumfar aiki yake, wato ɗan wurin da magidanci ke keɓewa a bayan gidansa domin gyaran kayan noma. Ku karanta a hankali. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Ku samu igiya da turaku da ɗan toka, domin darasin na gwadawa ne.

1. Mi ya sa muke bukatar wannan wuri?

Kowa ya san halin ruwan farko. In ya sauka da dare, da safe kowa gona. Laimar shuka ba ta wuce kwana ɗaya ko biyu. Manomin da ya tarar ƙotar sunguminsa ta karye, ko tayar amalankensa ta sace, ko bakin garmarsa ya cinye, zai ɓata safiyarsa wajen neman guduma da kusa. Kafin ya gama, ƙasa ta sha iska.

A da, kayan aikin manomi kaɗan ne: hauya, galma, sungumi, gatari, lauje. Daga shekarun 1970 zuwa na 1980 garmar shanu da amalanke suka yawaita cikin karkara, ana ƙera su a wurare irin ACREMA ta Tawa da UCOMA ta Damagaram. Bayansu keke da babur da injin ban-ruwa suka shigo. Mai albasa a Galmi ko a fadamar Tarka, da mai lambu a Gulbin Maraɗi, duk sun san kwana ɗaya ba inji asara ce. Kaya sun yi yawa, amma gidaje da dama ba su da wurin gyara. Guduma tana ƙarƙashin gado, zarto yana gidan maƙwabci, kusoshi suna cikin rairayi inda yara ke wasa.

Ba cewa muke kowa ya zama maƙeri ba. Babban aiki na maƙeri ne da makanike. Amma sa ƙota, wasa baki, ɗaure noti, liƙin taya da shafa girisi, duk mai gida yana iya yi in yana da wuri mai tsari.

Ga ƙa'idar darasin: a zana wurin bisa ƙasa, a gwada aiki cikin zanen, kana a kafa dirka ta farko. Zanen toka ana share shi da ƙafa. Bangon da aka gina ba daidai ba, sai an rushe. Tun ran gini, ran zane.

2. Zaɓen wuri

Kafin a ɗauki igiya, a duba abu 5.

Na ɗaya, iska. Daga watan Nuwamba har zuwa Maris, iskar hunturu daga gabas maso arewa take busowa. Saboda haka wurin da za a hura wuta ya kasance yamma maso kudu da rumbu, da tarin kara, da harawa, domin iska ta tafi da tartsatsi nesa da su. Amma ku lura: in damana ta matso, iska tana juyawa, ta riƙa zuwa daga yamma maso kudu. Lokacin ne kuma gyara ke yawa. Ke nan lura da iska kaɗai ba ta isa, sai an haɗa da nisa. A bar aƙalla manyan taki 10 tsakanin wuta da duk abin da ke iya kamawa: rumbu, ɗakin ciyawa, dangar kara. Rumbu ɗaya cimar gida ce ta shekara.

Na biyu, ruwa. A zaɓi wuri mai ɗan tudu. Wanda ya lura da inda ruwa ke kwanciya cikin gidansa a watan Agusta, ya san inda ba zai kafa rumfa ba. Laima tana sa ƙarfe tsatsa, tana kuma kiran gara. A yi nesa da rijiya, domin baƙin mai da ya zube ƙasa yana iya bin ruwa ya shiga cikinta.

Na uku, hanya. Amalanke zai iya isowa? A auna faɗinsa daga taya zuwa taya, a ƙara kamu ɗaya ta kowane gefe. Wannan shi ne faɗin ƙofar da ake bukata. In mutane za su riƙa kawo gyara, a yi musu ƙofa ta waje, kada baƙo ya ratsa cikin gida.

Na huɗu, iyali. Bayan gida ba kango ba ne. Nan uwargida ke ɗaure awakinta, nan take shanya, wani lokaci nan murhunta yake. A yi shawara da ita tun kafin a buga turke. Wurin da aka ƙwace da ƙarfi, kullum sai an tarar da akuya cikinsa.

Na biyar, maƙwabta. Ƙarar guduma da hayaƙi ba su san iyakar gida ba. Kada a jingina rumfa da bangon ɗakin kwanan wani. A gaya wa maƙwabci tun da wuri.

3. Awo da igiya

Rumfa mai tsawon metir 4 da faɗin metir 3 ta ishi mutum ɗaya da yaronsa. Filinta 4 × 3 = metir murabba'i 12. Wanda ba shi da metir na awo, ya sani kamun babban mutum, daga gwiwar hannu zuwa bakin yatsa, ya kusa rabin metir. Ke nan kamu 8 da kamu 6.

Ga dabarar samun kusurwa madaidaiciya, wadda magina ke aiki da ita tun zamanin da:

A samu igiya mai tsawon metir 12, bayan abin ɗauri. A yi ƙulli a metir 3, a yi wani a metir 7. A haɗa bakunan igiyar biyu. Yanzu igiyar ta kasu 3: metir 3, metir 4, metir 5. Mutum 3 su riƙe, ɗaya a mahaɗar bakuna, biyu a ƙulle-ƙullen, kowa ya ja har igiya ta miƙe sarai. Kusurwar da ke tsakanin gefen metir 3 da gefen metir 4 ta fita daidai. A buga turaku 3. A juya igiyar ta ɗaya ɓangaren, a samu turke na 4.

A tabbata: daga kowace kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta a karkace, dole a samu metir 5. In ɗaya ta fi ɗaya tsawo, a sake awo. In sun yi daidai, a zuba toka bisa layin igiya.

Dogon gefen, mai metir 4, ya miƙe daga arewa zuwa kudu. Bango ya kasance gabas da arewa. Dalili: hadari daga gabas yake tasowa da iskarsa, ƙurar hunturu kuma daga gabas maso arewa. Bakin rumfa ya dubi yamma. Ranar la'asar za ta shigo ta nan, sai a rataya zana da ake naɗewa, ko a dasa bedi ɗaya a gaba, nesa kaɗan da wurin wuta.

4. Raba cikin rumfa

Ku tuna yadda aiki ke tafiya. Abu ya lalace, an kawo shi, an duba, an kwance, an gyara, an ɗaure, an fitar. Tsarin rumfa ya bi wannan tafiya, kada mutum ya riƙa tsallake kaya yana kai da komo. Za mu raba wurin kashi 4.

Kashin arewa: tebur. A jingina tebur da bangon arewa. Tsawonsa metir ɗaya da rabi, faɗinsa santimetir 60. In ya fi haka faɗi, hannu ba ya kai wa bango, bayan tebur ya zama juji. Tsayinsa kuwa, mai aikin ya tsaya, ya saki hannunsa: saman tebur ya zo daidai wuyan hannu. Wanda ya fi haka gajarta yana sa ciwon baya. Ƙafafunsa su zama masu kauri, a kafe su cikin ƙasa ko a ɗaure su da bango, domin tebur mai rawa ba a yin zarto bisansa. Wanda ba shi da katako, ya gina dakali na ƙasa, ya ɗora gungume mai faɗi. Nan ne aikin icce: sassaƙar ƙota, gyaran karkiyar shanu, gyaran katakon amalanke.

Kashin kudu: wuta. A keɓe metir ɗaya da rabi daga kudu. A kewaye shi da guntun bango na ƙasa, tsayin metir ɗaya. Zana ko kara kada su kusanci wannan kashi. Maƙeranmu a zaune suke aiki, kuma tsarinsu abin koyi ne: wuta, uwar maƙera da kaskon ruwa duk suna inda hannu ke kai wa ba tare da an tashi ba. Ƙarfe yana hucewa da sauri, kowane taki tsakanin wuta da uwar maƙera asarar gawayi ne. Awartaki da masaba su zauna ta hannun da mutum ke aiki da shi. Mai zuga-zugi ya zauna bayan wuta, inda tartsatsi ba ya zuwa. Wurin ya kasance da inuwa, domin da launin ƙarfe ake gane zafinsa, cikin rana kuwa launin ba ya fita. Gawayin ƙirya shi maƙera suka fi so, amma ƙirya ta yi ƙaranci a wurare da yawa, kada a yi ɓarnarsa. A ajiye buhun gawayi waje, a riƙa ɗebo na yini. Wanda ba ya ƙira, ya sa dutsen wasa a nan, ya mai da wurin na gyaran inji da liƙin taya.

Mun sa tebur arewa, wuta kudu, domin ɓawon sassaƙa da garin katako su yi nesa da wuta. Iskar rani kuma za ta fitar da hayaƙi ta yamma maso kudu, ba ta bisa mai aikin tebur ba.

Kashin gabas: ajiya. A jikin bangon gabas a kafa turaku masu ƙarfi, a jera dogayen kaya bisansu: sandunan ƙarfe, katako, ƙotoci. Komi ya tashi daga ƙasa da aƙalla kamu ɗaya, saboda gara da laima. Mai nauyi ƙasa, marar nauyi bisa. Faɗin wannan kashi kada ya wuce santimetir 40. A nan za a sa akwati mai kwaɗo domin kaya masu tsada da masu kaifi.

Tsakiya: fili. Mu yi lissafi. Tsawo metir 4. An cire santimetir 60 na tebur, an cire metir ɗaya da rabi na wuta. Saura metir ɗaya da santimetir 90. Faɗi metir 3, an cire santimetir 40 na ajiya, saura metir 2 da santimetir 60. Wannan fili shi ya fi komi amfani, kuma shi aka fi saurin cikawa da tarkace. Nan ake ajiye garma ko keke ko inji ana zagaya shi. Kada a ajiye buhu ko tano a nan, ko na kwana ɗaya. Amalanke ba zai shiga ciki ba: a bar masa fili a gaban rumfa, ta yamma, wanda ya kai girman rumfar kanta.

5. Gwaji kafin gini

An zana komi da toka? To, kada a yi gaggawa. A kawo garma, a ajiye tsakiya. A sa tabarma a matsayin tebur, a sa dutse a matsayin uwar maƙera. A ɗauko katako mafi tsawo da ke gidan, a juya da shi: ya bugi inda bango zai kasance? A zauna wurin wuta, a miƙa hannu: ya kai ga kaskon ruwa? A jawo amalanke, a ga ko zai iya juyawa ya fita. A duba wurin da hantsi, a duba da la'asar, a ga inda rana ke faɗuwa. A yi haka kwana 2 ko 3. Abin da bai yi ba, a share toka a sake. Mai aiki da hagu ya juya tsarin kayansa.

6. Dirkoki, bango da rufi

Wanda ba shi da ƙarfin gina bango a shekarar farko, ya kafa dirka 6: 3 gabas, 3 yamma, tsakanin kowace biyu metir 2. Na yamma su tashi metir 2 da rabi daga ƙasa, na gabas metir 2 da santimetir 20, domin ruwa ya gangara baya. A binne rabin metir cikin ƙasa. Ke nan dirkar yamma tsawonta metir 3, ta gabas metir 2 da santimetir 70. A babbake gindin kowace dirka kaɗan, a zuba tsakuwa cikin ramin, a daddage. Manoman da ke sassaben zamani, wato renon kututturan da ke tohowa cikin gona, wanda ya bazu a jihar Maraɗi tun shekarun 1980, suna samun dirkoki daga gonarsu ba tare da sun kashe icce ba. Kafin a sare babban icce a nemi izinin ma'aikatan gandun daji.

Rufi ya zarce bango da kamu ɗaya, a haƙa ƴar magudana a baya, kada ruwa ya ci gindin gini. Bisa tebur ana iya rufi da zana. Bisa wuta kuwa sai kwano, ko a bar wurin buɗe. A bar tazara tsakanin bango da rufi domin hayaƙi ya fita.

Lissafin bango: na gabas 4 × 2,2 = metir murabba'i 8,8. Na arewa 3 × 2,2 = 6,6, da ɗan ƙari a sama. Jimla ta ɗara 15. A tambayi magini tubali nawa ke shiga metir murabba'i ɗaya, a ninka da 16. Daɓe kuma a yi shi da laka da tsakuwa, ya ɗara ƙasar waje da faɗin tafin hannu. Bisa daɓe, notin da ya faɗi ana ganinsa. Cikin rairayi ya tafi ke nan.

7. Kowane kaya da gurbinsa

A kafa allo bisa bangon arewa, sama da tebur. A rataya guduma, zarto, gizago, magagari da sifanoni bisa kusoshi. A zagaye kowane da gawayi ko fenti, siffarsa ta fito bisa allon. Ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, ku rubuta sunan kowane kaya ƙarƙashin siffarsa. Da marece, kallo ɗaya ya isa a san abin da bai komo ba. A rataya ɗan littafi da fensir gefe: wanda ya ari abu, a rubuta sunansa da ranar. Wannan yana tsare kaya, yana kuma tsare zumunci.

Kusoshi da notoci a raba su cikin gwangwanayen tumatir, manya daban, ƙanana daban. A yi tano ɗaya na guntayen ƙarfe, domin tsohon ƙarfe kuɗi ne wurin maƙeri. Gwangwani ko jarkar maganin ƙwari kuwa ba a sake aiki da su, ko an wanke.

8. Abubuwan da ba su shiga rumfa

Isansi. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ba a gani har ya kai ga garwashi. A ajiye shi waje, cikin inuwa, a rufe, taki 10 daga wuta. Kada a zuba wa inji mai yana da zafi. In isansi ya kama, ba a zuba ruwa, ruwa yaɗa shi yake yi. Rairayi ake zubawa. Bokitin rairayi da tulun ruwa su zauna bakin rumfa kullum.

Hayaƙi cikin rufaffen wuri. Garwashin gawayi da injin da ke aiki suna fitar da wata iska marar wari da ke kashe mutum. Kada a rufe rumfa ta ko'ina saboda sanyi. Ana tada inji a waje.

Batir. Wanda ke cajinsa da farantin hasken rana, ya sa shi inda iska ke ratsawa, nesa da wuta. Kada a fasa tsohon batir ko a narka dalmarsa cikin gida. Dalma guba ce, ta fi kuma cutar da ƙananan yara. A 2010, a jihar Zamfara ta Najeriya, maƙwabciyar Maraɗi, yara kimanin 400 suka rasu saboda ana niƙa duwatsun zinariya masu dalma cikin gidaje, ƙurar ta shiga ƙasar da suke wasa. Duk aikin da ke barin guba cikin ƙasa, ba na cikin gida ba ne.

Maganin ƙwari da irin da aka gauraya da magani. A kulle su wuri daban, sama, nesa da abinci.

Ƙananan yara. A yi ƴar ƙofa ko guntun bango da mai rarrafe ba ya tsallakewa. Baƙin ƙarfe yana iya zama da zafi, yaro bai sani ba. Kaskon ruwa a rufe shi bayan aiki, a zubar da ruwan kowane mako don kada sauro ya hayayyafa. A share kusoshi kowane marece. Wanda kusa ko ƙarfe ya soka, ya wanke da ruwa da sabulu, ya tafi gidan likita ranar nan domin allurar tetanos, ciwon nan mai sarƙe haƙora.

9. Lokacin yi

Bayan an ɗaure hatsi, cikin Oktoba da Nuwamba, a zaɓi wuri a yi zane. Disamba zuwa Fabrairu a buga tubali a kafa dirkoki, lokacin da tabkuna ke da sauran ruwa. Kafin ƙarshen Maris a gama rufi. Afrilu da Mayu na gyara ne: a fito da kayan noma ɗaya bayan ɗaya, a duba, a wasa, a shafa girisi. Ruwan Yuni ya tarar da kowa a shirye.

Wannan tsari bai tsaya ga maza ba. Mace mai keken ɗinki, ko ƙungiyar mata masu matsar man gujiya, ƙa'idar ɗaya ce: a lura da iska, a raba wuta da abin da ke kamawa, a bar fili tsakiya, a gwada kafin a gina.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A garinku, daga ina iska ke zuwa a watan Janairu? Daga ina take zuwa a watan Yuni?
2. Mi ya sa aka sa tebur arewa, wuta kudu?
3. Rumfa mai metir 5 da metir 3, filinta metir murabba'i nawa ne?
4. In mutum 4 suka haɗa kuɗi suka sayi kayan gyara, yaya za su tsara aro?
5. Kowa ya zana gidansa bisa takarda, ya nuna rumbu, rijiya, murhu da inda rumfar aiki za ta zauna. Ku nuna wa juna, ku gyara wa juna.

Ku gwada igiyar nan mai metir 12 cikin wannan mako, tun kafin zafi ya matso. Allah ya tsare mu daga gobara, ya ba mu damana mai albarka. Amin.